Rijiyar da Ta Sha Rini

Motar kamfani ta shigo layin da baya tana gurnani, saura ƙiris ta goge katangar gidan kafin direban ya taka burki. Leburori suka dire manyan durori a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da murhu, suka bi su da buhunan garin rini da dilolin fararen riguna. Matan da suka zo ɗibar ruwa suka saki guga suka tsaya kallo. Mai Rijiya tana daga ƙofar ɗakinta da tsintsiya a hannu, tana tunanin inda za ta riƙa shanya kayan yara daga yau.

Sunan da layin ya laƙaba mata ke nan, don rijiyar gidansu ce ba ta ƙafewa. Famfon unguwar ya daɗe da komawa turken akuya, saboda haka daga wayewar gari zuwa hantsi gidanta ba ya rabuwa da mata da bokitai da gulma. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Gaisuwa take samu, da ɗan abin marmari idan wata ta yi girki ya yi daɗi, kuma ta fi son hakan fiye da yadda take nunawa.

Mijinta, Dogo, yana biye da Helima, shugabansu a sashen rini, yana gyaɗa kai ga duk abin da aka ce. Helima ya yi bayani da murya irin ta mai rabon kyauta. Masu sayen rigunan a ƙetare sun ce ba za su ƙara karɓar kaya daga masana'antar da ke zubar da gurɓataccen ruwa ba. Suna son kowace riga ta je musu da ɗan tambarin koren ganye a wuya, shaidar cewa ba a cuci ƙasa ko kogi ba wajen yin ta. Injin tace ruwa kuwa tsada gare shi. Sai Manaja ya hango hanya mai sauƙi: a rufe sashen rini, a raba aikin gida-gida. Daga ranar kamfani ya zama tas, sai ka wanke hannu kafin ka taɓa. Shi kuma Dogo ya tashi daga ma'aikaci ya koma ɗan kwangila mai cin gashin kansa.

"To ruwan fa?" in ji Mai Rijiya. "Idan an gama, ina za a kai shi?"

Helima ya yi mata dariyar da ake yi wa mace idan ta sa baki a zancen aiki. "Uwargida, ɗan rami kawai za a yi. Ƙasa za ta tace shi, aikinta ne."

* * *

Da farko Dogo bai ma yi ramin ba, ta kwata yake sakin ruwan. Ba a yi mako ba kajin layin suka fara yawo da shuɗiyar safa, yara suka riƙa komawa gida da ƙafafu kala-kala, iyayensu na tsokanar Mai Rijiya cewa ta rina musu 'ya'ya kyauta, saura ta rina musu zannuwa. Wasa ne, amma Dogo mutum ne da ba ya son a ji kansa ko da wasa. Ya toshe kwatar da siminti, ya ɗauki diga ya nufi bayan ɗaki.

Ramin farko ya cika kafin a je ko'ina. Ya ƙara masa zurfi. Ya sake cika, ya sake ƙarawa, har ta kai sai da tsani yake fitowa. Duk shekarun da ya yi a kamfani, abin da ya sani game da ruwan rini shi ne a murɗa kan famfo ya bi bututu ya tafi, bai taɓa bin sawunsa ba. A ganinsa abin da ya yi nisa da ido ya yi nisa da cutar da mutane, don haka kowane shebur ɗin ƙasa da ya fitar, don maƙwabta ya fitar. Da ya iso wani yashi mai laima da ke shanye ruwa nan take, ya fito baki har kunne ya ce wa matarsa an huta. Layin ya bushe, kaji suka koma kalarsu, dattawa suka yaba masa da sanin haƙƙin maƙwabtaka.

Kuma aikin ya yi musu rana, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. An canza kwanon da ke yoyo, Auta ta samu sabon takalmin makaranta, nama ya daina zama baƙo a tukunya. Mai Rijiya ita ke ɗauraya da shanya, hannuwanta suka yi shuɗin da sabulu ya gaza da shi. Tana jin daɗin yadda Dogo ke tafiya yanzu da kafaɗa a sama, ta bar zancen ruwa.

* * *

A shayi ta fara ji, wani ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Ta ɗora laifin a kan tukunya, ta goge ta har ta yi ƙyalli. Sai sabulu ya daina kumfa. Sai Auta ta fara kwana da ciwon ciki, wuyanta ya feso da ƙuraje, aka ce zafi ne. 'Ya'yan gidaje da yawa suka kama irin nata, aka ce yayi ne ake yi.

Ranar da abin ya fito fili, matar Tela ce ta juye guga a farin bokitin fenti. A baƙar roba ba a ganin komai, amma a cikin farin nan ruwan ya nuna kansa, shuɗi-shuɗi, kamar an ɗauraye tsumma a ciki. Matan suka zagaye bokitin. Babu wadda ta yi zagi, da ma an yi da ya fi sauƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka juye abin da suka ɗiba a gindin katanga, suka fita da bokitansu a kife a ka. Matar Tela ce kaɗai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ɗanta ya kwana uku bai riƙe abinci ba, sannan ita ma ta wuce.

Mai Rijiya ta samu mijinta a bayan ɗaki yana juya riguna a duro.

"Baban Auta, raminka ya haɗu da rijiya."

Ya ce ba zai yiwu ba, akwai ɗaki guda a tsakaninsu. Ta kawo masa bokitin ta ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallo, sandar juyi na ɗiga a kan ƙafarsa.

"Ni fa don kada ya dami kowa na zurfafa shi," ya ce.

"Na sani."

Ta sani ɗin, shi ya sa ta rasa wanda za ta yi wa faɗa. Washegari hantsi ya yi gidan shiru, ba ƙarar guga ba dariya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba ko ranar da suka kwana ba su ɗora tukunya ba.

* * *

Masu sayen rigunan ba su tsaya a bakin ƙofar kamfani ba. Sun fito da sabuwar doka, cewa sai an bi sawun kowane hannu da ya taɓa riga, daga zare zuwa kwali. Haka wata safiya Helima ya shigo gidan tare da wata jami'a mai tabarau, wadda aka turo ta duba 'yan kwangila. Mace ce mai ladabi, ta gaisa da kowa, ta tambayi jikin Auta. Da ta leƙa ramin fuskarta ta canza, kuma ba na ƙarya ba ne, abin ya taɓa ta. Ta sa aka ja ruwa, ta cika 'yar kwalba, ta ɗauki hotuna.

Helima ya tsaya a bakin ramin yana girgiza kai kamar yau ya fara ganin rami a duniya. Ya shaida mata cewa kamfani ya ja kunnen kowa, amma wasu mutanen ba sa jin magana, ganin ido suke yi. Dogo ya buɗe baki. Helima ya dube shi, irin kallon da ke cewa gaba ma akwai aiki, sai bakin ya rufu.

Mai Rijiya ce ta yi tambaya, kamar wancan karon.

"Baiwar Allah, wa zai gyara mana rijiyar?"

Jami'ar ta cire tabarau ta goge. "Mama, zan rubuta duk abin da na gani. Amma iyakar aikina shi ne in tabbatar kayanmu ba su sake biyowa ta irin wannan wurin ba."

Ta cika aikinta kuwa. Kafin mako ya zagayo an kwashe durori da sauran buhuna, an cire Dogo daga masu yi wa kamfani aiki. Rami dai ba ya shiga mota, an bar musu abinsu. Daga baya wani tsohon abokin aikinsa ya ba shi labarin cewa an yi taro a kamfani, an yi tafi, masu saye sun yaba da yadda aka gano ɓata-gari aka raba su da harkar. Dogo ya ce madalla. Ya samo tsohon kwano ya rufe bakin rijiyar, ya danne da duwatsu saboda yara.

* * *

Yanzu ita ce mai ɗaukar bokiti. Rijiya mai kyau da ta rage tana can gangare, gidan Kafinta, kuma can matan layin suka koma. Sunanta bai canza ba, har yanzu Mai Rijiya suke ce mata, wasu don sabo, wasu don ta ji. Takan bari sai sun watse sannan ta je. Matar Kafinta yarinya ce mai kawaici, ba ta taɓa yi mata zancen ba, har guga takan ja mata.

Wata rana ta shiga ta tarar an ture katakai da bencin aiki gefe guda. A inda suke, durori ne a jere, da buhuna, da dilolin fararen riguna. Daga bayan ɗaki ana jin sautin diga, ƙasa na tashi tana zubowa.

Ta ajiye bokitinta. Ta kama hannun matar Kafinta ta ja ta gefe, ta fara yi mata bayani da sauri, yashin nan mai laima, da ɗacin shayi, da wuyan Auta da har yau bai warke ba. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, idonta a kan shuɗin da ya rage a faratan Mai Rijiya.

"Yaya, ai a gabana aka yi komai," ta ce a hankali. "Tun bara ko kujera ba a ba maigidana ya gyara ba. Sun ce idan bai karɓa ba, akwai masu jira."

Yarinyar ta zura guga, ta jawo, ta juye mata. Ruwan garau yake, har ana ganin gindin bokitin.

"Ki riƙa ɗiba da yawa kwanan nan," ta ce.

Mai Rijiya ta kai bokitin gida ta juye a randa. Ta tattaro jarkoki, da baho, da tukwanen da ba ta girki da su, har da butar Dogo, ta jera su a bakin ƙofa. Sannan ta ɗauki biyu ta sake gangarawa.