Hotunan da Ba a Zo Karɓa Ba

Mutum dubu ɗari uku da arba'in ne suka kalli bidiyon nan namu. Har yau in na tuna yadda na riƙa bin mutane ina nuna musu adadin a waya, sai in ji kamar in mari kaina.

Kawuna, wan mahaifiyata, mai hoto ne. Shekara arba'in ya yi a shago ɗaya, da labule mai zanen teku da kujerar roba guda. Ƙa'idarsa ita ce, hoton da mai shi bai zo karɓa ba, ba a zubar da shi. Sai ya sa shi a ambulan, ya rubuta kwanan wata a baya, ya ajiye a kwali. Da idonsa ya yi rauni ya rufe shagon, kwali tara muka kwaso.

Malamar da ke kula da ɗakin karatun unguwarmu ce ta kawo shawarar mu baje su a bango, kowa ya zo ya nemi nasa ko na iyayensa. Tela ya ba da zare, kafinta ya buga ƙusoshi, ni kuma aka ɗora mini yaɗa labari, tunda a cewarsu da waya a hannu aka haife ni.

Ranar da muke jera hotunan, Kawu ya zaro wani ambulan daga aljihun rigarsa. Wani saurayi ne a ciki, ya jingina da keke yana dariya.

"Uwata, kin san wannan?" Haka yake kirana, don sunan kakata aka sa mini.

"Ina zan san shi, Kawu?"

"Auta ne, ƙanenmu."

Na sha jin Inna, mahaifiyata, tana ambatonsa tana share hawaye, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba.

"Ranar da na ɗauki hoton nan muka yi faɗa a kan maganar banza," in ji Kawu. "Na ce kada ya ƙara tako mini shago, shi kuwa ya bar garin baki ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ke nan. In 'yan talabijin sun zo, ina so in riƙe hoton in ce ya zo ya karɓa. Iyakar abin da nake so ke nan."

Na ce masa an gama.

'Yan talabijin suka zo, wata 'yar jarida da mai kyamara. Kawu ya zauna, ya riƙe hoton a ƙirji, ya yi maganarsa, sannan ya ba ni na rataya shi a zare tare da sauran. Sai dai shi mutum ne mai jan magana, ga tari, ga dogon shiru. Washegari 'yar jaridar ta kira ni.

"Minti biyu aka ba ni, kuma maganar Baba kaɗai ta cinye ɗaya da rabi. Ki zaɓa, ko shi, ko ke da hotunan."

Wallahi ko numfashi biyu ban yi ba na ce, "Wa zai tsaya kallon tsoho yana laluben kalma? A sa hotunan da kiɗa."

Haka aka yi. Kowane hoto rabin sakan, sai ni da sabon mayafina ina zuba kamar kanya har sakan arba'in. Na gaya wa kaina wai don jama'a su zo nake yi. Ƙarya ne, fuskata nake so a gani.

Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu muka taru a falon Inna. Kawu ya sa sabuwar riga, ya jawo kujera dab da talabijin. Ba ya gani sosai, don haka kunne ya kasa yana jiran muryarsa. Aka gama, aka shiga talla.

"An wuce wurina ne, Uwata?"

"A kashi na biyu za su sa, Kawu."

Babu wani kashi na biyu. Lahadi uku yana tambayata, a ta huɗu bai tambaya ba, kuma bai sa sabuwar rigar ba.

Bidiyon kuwa ya bi wayoyi kamar wutar daji. Kowa sai "Allah sarki, zamanin da". Amma waɗanda suka zo suka karɓi hoto, mutum shida ne. Malama ta ce mini, "Yaya mutum zai gane uwarsa a rabin sakan?" Na murguɗa baki na nuna mata adadin.

Wata huɗu bayan haka Kawu ya rasu.

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar, muna sauke hotunan daga bango, wata mata sa'ata ta shigo. Ta miƙo mini wayarta, an tsayar da bidiyon daidai kan saurayi mai keke, hoton duk ya yi dishi-dishi.

"Babana ne," ta ce. "Shi ya hango kansa. Sai da na mayar da bidiyon baya kusan sau ashirin kafin na kama wurin."

Na tambaye ta, "Yaushe ya gani?"

"Tun makon da aka saka. Na ce mu zo, ya ƙi. Ya ce wansa ya manna shi a bango cikin baƙi, ko sunansa bai kira ba. Ya ce da yana nemansa da ya buɗe baki ya faɗa."

Maganar Kawu tana wayata cikakkiya, 'yar jaridar ta turo mini tun lokacin. Wata huɗu tana nan, ban ko saka ta a shafinmu na intanet ba, don kada ta rage mana masu kallo. Na kunna wa matar. Kawu ya yi tari, ya yi shirunsa, sannan ya ce, "Auta, ni ne da laifi. Ka zo ka karɓi hotonka."

Ta toshe baki da mayafi tana kuka, tana dariya.

"Ina Baban yake? Ki kira shi, don Allah. Da kyar na shawo kan babana yau. Yana nan waje a mota, ya ce ba zai shigo ba sai wansa ya fito da kansa."

Na dubi Malama, ta sunkuyar da kai. Na cire hoton daga zare, na mayar da shi ambulan ɗinsa, na ɗauki wayata. Daga ƙofa ina hango tsohon a kujerar gaba, yana gyara wuyan rigarsa.