Makin Gindin Kwalba

Murfin farko ya yi tsalle ne ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar taron malamai a ofishin Mataimakin Shugaba. Ji kake fau! daga cikin kabad ɗin ƙarfe da ke bayan kujerarsa. Malamin lissafi ya shige ƙarƙashin tebur, wai bironsa ne ya faɗi. Kafin a gama salati, murfi na biyu ya biyo baya. Sai ga wani ruwa mai kumfa yana tsiyayowa ta ƙasan ƙofar kabad, ga tsami kamar tukunyar da ta kwana uku ba wanki.

Mutum ɗaya ne a ɗakin ya san abin da ya fashe, shi ne mai ofishin, kuma shi ya fi kowa zare ido.

Jan Biro ake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana makarantar, ladabtarwa a hannunsa take, kuma ba ɗalibin da bai san makinsa ba, alamar nan da yake ɗorawa da jan biro in ya duba takarda: dogo, mai wutsiya a lanƙwashe kamar ƙarin kunama. Yara sun sha gwada kwaikwayonsa, sun sha bulala. In ya ɗora makin nan a takarda, to magana ta ƙare. Ko uban wa ya zo da babbar mota, Jan Biro ba ya gogewa.

A kabad ɗin nan yake tara abin da ya ƙwace: wayoyi, karta, da kwalaben maganin tarin nan mai sa maye da wasu manyan ɗalibai ke ɓoyowa a safa. Makulli biyu ne. Ɗaya a aljihunsa, ɗaya wurin Sista, ma'aikaciyar jinyar makaranta, don doka ta ce duk inda magani yake sai da idon ma'aikacin lafiya. Sista kuwa ko kallon kabad ɗin ba ta cika yi ba. Dattijuwa ce, saura mata wata huɗu ta yi ritaya.

To ga abin da ba wanda ya sani. Shekara uku da suka wuce ƙurar alli ta sa wa Jan Biro tari, likita ya rubuta masa wannan maganin. Tari ya tafi cikin mako guda. Amma ya lura in ya kurɓa, hayaniyar yara ɗari tara sai ta koma can nesa, kafaɗunsa su sauka, har ƙorafin iyaye ya riƙa yi masa daɗin saurare. Cokali ya zama murfi, murfi ya zama rabin kwalba. Da mai kemis ya fara yi masa kallon ƙasan tabarau, sai ya tuna ai ga rijiya a bayan kujerarsa.

Dabararsa, a ganinsa, ta fi ta kowa. In ya shanye kwalba, sai ya dafa baƙin shayi ya zabga masa sukari har ya yi kauri, ya ɗura, ya mayar da murfi. Sau ɗaya ya yi kuskure ya ɗaga kwalba cikin matsuwa, ya kwankwaɗi shayinsa na wata biyu. Ranar bai iya shiga aji ba. Daga nan ya ɗauki mataki irin na malami: duk wadda ya gama da ita, sai ya juya gindinta ya ɗora mata maki da jan biro. An duba, an wuce. Abin da bai sani ba, don shi tarihi ya karanta, shi ne ruwan sukari in ya daɗe a rufe cikin zafi, tashi yake yi.

Shugabar makaranta ta sa aka buɗe kabad. Malamin kimiyya ya ɗauki kwalba ɗaya ya shinshina, ya ɗanɗana da ɗan yatsa, ya yamutsa fuska.

"Ranki ya daɗe, wannan ai shayi ne. Wanda ya dafa ma yana da hannun sukari."

Shugaba ta dubi Jan Biro, mutumin da duk safiyar Litinin yake tsayawa gaban ɗalibai yana tsine wa shaye-shaye har jijiyar wuyansa ta fito. Ko a mafarki ba ta kawo shi a ranta ba.

"Wa kuma ke da makulli?" ta tambaya.

Duk wuya ya juya wajen taga, inda ake hango ɗakin shan magani. Kafin a tashi daga makaranta labari ya yi fiffike: Sista ce ke juye maganin tana sayarwa. Har da masu rantsuwa sun taɓa ganin ta da wata babbar jaka. Kai, mutane! Matar da ta shekara talatin tana wanke musu gyambon 'ya'ya.

Shugaba ta kafa kwamitin bincike, za a zauna ranar Juma'a. In ta tabbata, kora ce, ba ritaya ba fansho, sai sunan ɓarauniya. Da aka zo zaɓen wanda zai shugabanci kwamitin, ai ba a ɓata lokaci ba. Wa ya kai Jan Biro gaskiya? Aka ba kura ajiyar nama, har da tafi.

Aka kwashe kwalaben a kwali aka rufe da salatif, aka ajiye a ofishin Shugaba. Nan Jan Biro ya gane yana da matsala biyu. Ta farko, rijiya ta ƙafe. Ranar Laraba ya wuni yana hamma kamar zai tsage baki, hanci na zuba, gumi na keto masa alhali fanka na juyawa a kansa, cikinsa na kiran sunansa duk rabin awa. Ta biyu ta faɗo masa ne yana cikin banɗaki: makin. Kwalba goma sha tara, kowacce da sa hannunsa a gindi. In ranar Juma'a wani sarkin karambani ya juya guda ɗaya kawai, shi ke nan.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Amma ƙwaƙwalwar mai neman mafita ba ta hutu. Shi ne shugaban kwamiti, yana da ikon duba shaida shi kaɗai. Ranar Alhamis ya karɓo kwalin ya kulle ofis. Ya gwada yawu, ya gwada ruwa da gefen riga. Ina! Shi da kansa ya zaɓi biron da ba ya gogewa, saboda 'yan wayon ɗalibai. Abu ɗaya ke fitar da shi, sifirit, kuma duk makarantar wuri ɗaya ake samunsa.

Ya tarar da Sista tana naɗe bandeji. Ta riga ta fara sauke hotunan jikokinta daga bango ta jera a kan tebur. Ya kawar da kai.

"Yaya Sista, sannu da aiki. Ɗan sifirit nake so da auduga. Na ɗan yanke ne."

"A ina?"

Ya duba hannun dama, ya duba na hagu. Ba yanka, sai rawa da suke yi. Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da take wa ɗalibin da ya zo da ciwon ciki ranar jarrabawa. Ta tashi ta zuba masa ruwa a kofi ta jefa gishiri da sukari, ta tsaya a kansa har ya shanye. Sannan ta ɗauko kwalbar sifirit da dunƙulen auduga ta danƙa masa.

"Ungo, ƙanena. Ka jiƙa sosai, jan biro naci gare shi. Kar ka manta da ƙananan nan uku na bayan kwali, su ma akwai a gindinsu."

Ya zauna a gadon marasa lafiya, gadon da ya sha koro masu ƙaryar zazzaɓi daga kansa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun zangon bara. Na je ɗaukar wayar wata yarinya, kwalba ta gangaro. Makin nan ko makaho ya shafa ya san na waye."

"To me ya hana ki faɗa? Gobe fa ke za a..."

"Na faɗa wa wa? A yi maka tambari a gaban yara, ka koma gida ka ƙara sha? Majinyacin da aka jawo da igiya ba ya haɗiye magani. Na yi ta jira ka zo da ƙafarka. Ga shi ka zo, sai dai auduga ka zo nema." Ta koma kan bandejinta. "Gobe ba zan ce komai ba. Kai ne shugaban kwamiti. Ka rubuta abin da ka gano."

Ya koma ofis ya jera kwalaben a tebur. Ya jiƙa auduga ya goge ta farko. Tas ta fita, kamar ba a taɓa rubutu ba. Wallahi har ya ji daɗi. Ya goge ta biyu. Ya ɗauki ta uku, sai ya tsaya yana kallon jan da ya rine audugar. Ya tuna wani attajiri da ya taɓa zama a kujerar nan yana roƙon a ƙara wa ɗansa maki biyu kacal, shi kuma ya miƙe ya buɗe masa ƙofa. Shekara ashirin da biyu yana taƙama da wannan labarin. Yau ga shi yana goge maki, kuma ba don a ci jarrabawa ba, don a kori tsohuwa. Kunya ta rufe shi, ya kifa kai a tebur ya yi kuka har da majina, ko da yake majinar dama tun jiya take zuba.

Ranar Juma'a aka hallara: Shugaba, malamin kimiyya, malamin lissafi, da Sista a kujerar gefe da jakarta a cinya. Shugaba ta ce shugaban kwamiti ya karanta rahoto.

Jan Biro bai zo da takarda ba. Ya buɗe kwali ya shiga fito da kwalabe yana kifa su a kan murfinsu, gindi sama, a layi kamar ɗalibai a filin taro. Biyu suka faɗi, ya sake tayar da su. Maki goma sha bakwai suka jeru, kowanne da wutsiyarsa. Sannan ya ɗauki biyun da ya goge, ya ciro biro daga aljihu, ya mayar musu da nasu a gaban kowa.

"Ranki ya daɗe, rahoton ke nan. Ni na sha, ni na dafa shayin. Shekara uku. Na so in daina, na kasa, kuma ni kaɗai ba zan iya ba."

Malamin lissafi ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Shugaba ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta sake cirewa. Malamin kimiyya ne ya yi ƙarfin halin magana, a hankali: "Ai da ka tambaye ni, da na ce ka rage sukarin."

Sista ce ta fara dariya, hawaye na bin kumatunta.

Ba a yi masa tafi ba. An karɓe makulli da kujera, an ba shi hutun jinya na wata uku da sharaɗin takardar asibiti duk mako. Gaya wa matarsa ya fi gaya wa Shugaba wuya. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce ita da ta ɗauka wata ce a waje, don haka da sauƙi, amma kar ya kuskura ya ɗauka ta huce. Sista ta raka shi wurin likitan masu fama da shaye-shaye, ta zauna a benci tana saƙa har aka gama. Duk Laraba kuma yana zuwa wani zama a bayan asibitin, inda ya tarar da lauya, da injiniya, da wata ma'aikaciyar banki, kowa da irin kabad ɗinsa.

Jan biron kuwa Sista ta ƙwace. Ta manna kalanda a bangon ɗakin shan magani, duk yammar da ya biyo ta duba idonsa ta ga garau, sai ta ɗora maki. Rana ta goma sha ɗaya ba maki. Bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi faɗa ba, ta bar gurbin fari fat, washegari suka ci gaba. Abin da ya fi damunsa makinta ne, wani guntun abu kamar ƙafar kaza.

"Yaya, wannan ai ba maki ba ne. Ina wutsiyar?"

"Wutsiya taka ce. Ranar da hannunka ya daina rawa, ka zo ka sa."

Ranar da za ta bar aiki, bayan an gama jawabai an watse, ya same ta tana ɗaure kwalin kayanta. Kalandar kaɗai ta rage a bango. Ta zaro biron daga jaka ta miƙa masa. Ya miƙa hannu, su biyun suka tsaya suna kallon hannun. Bai motsa ba.

Ya fara daga rana ta ɗaya, yana bin ƙafafun kazar nan ɗaya bayan ɗaya yana sa musu wutsiya. Da ya iso ta goma sha ɗaya Sista ta ce, "Cike ta mana, wa zai sani?"

Ya tsallake ta ya wuce ta sha biyu.