Ranar da Muka Kashe Ustaz Abdussalami

Ni dai ban yi karatu mai nisa ba, amma babu abin da ke faruwa a ƙauyenmu na bakin tur'a, babbar hanyar ruwan ban gonaki, yamma da garin Hasahisa, da bai biyo ta kunnena ba. Wannan kuwa ta bakina ya biyo, Allah ya yafe mini.

Madarasarmu ɗaki biyu ce. Ustaz Abdussalami ne ya yi ta zarya har hukuma ta gina ta, ya koyar shekara ashirin da 'yan kai, sannan aka sallame shi yana karɓar ma'ash, kuɗin tsufan nan na ma'aikata. Samari biyu aka kawo a madadinsa. Ɗaya ya tafi Libiya, ɗayan ya ce zai je birnin Madani ya cire haƙori, har yau bakinsa ba mu sake gani ba.

Wata uku yara suna wasan ƙasa. Aka ce madarasar da ba ta da malami rufe ta ake yi. Sai tsohon ya ɗauki sandarsa ya koma aji, ba takarda, ba albashi. Amma Jibo, shehun ƙauyen, wato mai garinmu, ya ji a kasuwa cewa mai ma'ash in aka kama shi yana aiki, yanke masa ake yi, har da ɗauri.

Mu kuma muna da hali tun iyayenmu: in ɗan hukuma ya zo da sunan mutum a takarda, ba mu san mutumin ba. Da haka muka tsira da mutane da yawa.

Ran Talata da hantsi muka hango ƙurar mota a kan gaɓar tur'a. Kafin ta iso, maza huɗu sun sungumi Ustaz da allinsa a hannu, yana "ku sake ni, jahilai!", suka zura shi cikin rumbun dawa na gidana, suka rufe, suka janye tsani.

Mufattishi ne, mai duba makarantu, wani siriri mai tabarau. Ya leƙa aji, ya ga yara sittin ba babba. Ya fito ya ce, "Ina Abdussalami Mahadi?"

Kowa ya dubi ƙasa. Jibo ya yi tari. Shirun ya yi mini tsawo, ni kuwa ba na jure shiru.

Na ce, "Ya rasu, ɗana. Da kaka."

Mutumin ya ajiye jakarsa, ya ɗaga hannuwa ya ja Fatiha. Dole muka ɗaga namu. Jibo har da "Allah ya jiƙan shi, mutumin kirki ne." Rumbun yana nan taku goma, ina jin dawa tana motsi.

Da muka shafa, sai ya zaro takarda. Ya ce, "Kaico. Izini na kawo masa. Malamai sun yi ƙaranci, an yarda tsofaffi su dawo aiki, ma'ash ɗinsu ba a taɓa shi. Da shi kaɗai na dogara a nan."

Na dubi Jibo, ya kau da kai. Wa zai ce wa hukuma mun yi mata ƙarya, bayan an yi Fatiha a gaban jama'a?

Na matsa na ce, "Ɗana, ba za ka bar takardar ba? Ko wani..."

"Wani wa, Hajja? Da sunansa take."

Ya kori yaran, ya sa kwaɗo a ƙofa da hannunsa, ya ƙi ko shayi. Motar ta tashi.

Da aka fito da Ustaz, ƙaiƙayi ya rufe masa gemu. Bai zage ni ba. Ya ce, "Raliya, ni na koya wa 'ya'yanki biyar rubuta sunansu." Ya hau jakin Jibo ya bi sawun motar, tsoho mai ciwon gwiwa, cikin ranar nan.

Sau uku yana zuwa Hasahisa. Na ukun na bi shi, na tsaya gaban magatakarda na ce ni ce maƙaryaciyar, a ɗaure ni. Yaron ofis ɗin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce takardar mutuwar da mufattishin ya rubuta ta riga ta tafi Madani, kuma maganata ba shaida ba ce. Sai an kawo mutum biyu masu jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, su rantse yana da rai.

A kan hanyar dawowa muka bi ƙauyen gida gida da baki muna lissafi, daga bakin tur'a har maƙabarta. Mai jinsiyya ɗaya ne a cikinmu, shi ne kuma Ustaz ɗin da ke kan jakin.

Da aka fara tsinkar auduga, iyaye suka kwashe yaran zuwa gona. Yanzu kullum da safe Ustaz yana zama a gindin ƙofar mai kwaɗo. Jiya yara bakwai suka zo masa. Yau huɗu.