Hannun da Ke Riƙe da Sanda

A kwatangwalon hagu aka yi wa Ubale aiki. Likita ya cire kan ƙashin da ya cinye, ya sa ƙwallon ƙarfe a gurbinsa. Ranar sallama, Madam Delight, ma'aikaciyar gashin ƙashi 'yar Kafanchan, ta damƙa masa sanda a hannun dama.

"Baba, saurare ni da kyau. Duk sa'ad da ka ɗaga ƙafar dama, kwatangwalon hagu ne kaɗai ke ɗauke da kai. Tsokar wurin sai ta ja da ƙarfi don kada ka karkace, shi ya sa abin da ke sauka kan ƙarfen ya kusa ninka nauyinka uku. Sanda a dama tana rage wa tsokar aiki. Idan ka riƙe ta a hagu, sai ka riƙa jingina, tsokar ta lalace, ɗingishi ya zauna maka."

"Ni da nake saɓa dilar atamfa a kasuwar Mont-Bouët tun ba a haife ki ba?"

"Ai atamfar ce ta kawo ka nan, Baba."

Ya bi umarninta har ranar da ya koma masallacin Juma'a. Bayan an idar, yana sauka daga matakalar ƙofa, nauyinsa duk a kan sanda, sai ga Alhaji Mamuda ya miƙo masa hannu. Alhaji Mamuda ne ya sauke shi a gidansa lokacin da ya iso Libreville yana saurayi, shi ne kuma ya nema masa rumfa. Kafin Ubale ya yi tunani, hannun hagu ya riga ya fita.

Dattijon ya dubi hannun. Ya kama yatsun kaɗan, ya ce, "Sannu da jiki," ya wuce.

Zakiru mai takalma, maƙwabcinsa a kasuwa, yana tsaye a gefe. "Ubale, ƙarfen har hannu aka sa maka?"

Aka yi dariya. Ubale bai yi ba.

Daga ranar sanda ta koma hagu. A kasuwa ba a rabuwa da musabaha, ga miƙa kaya ga karɓa, duk da hannun dama. Daga inda taksi ke ajiye shi zuwa rumfa, kafaɗarsa ta fara faɗawa hagu a kowane taku. Matarsa Khadijatu ta ce tafiyarsa ta canza. Ya ce takalmi ne.

Da ranar komawa asibiti ta zo, Alhaji Mamuda ya aiko cewa shi zai kai shi a motarsa. Ubale ya rasa hanyar ƙi. Dattijon bai tsaya a mota ba, har ɗakin ya bi shi ya zauna.

Madam Delight ta sa Ubale ya taka zuwa bango ya dawo. Ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Wa ya ce ka sauya hannu?"

Ubale ya dubi sandar. Ta ci gaba:

"Hoton da aka ɗauke ka ya nuna ƙarfen na zaune daidai. Tsokar ce ba ta yi ƙarfi ba. In ka ci gaba haka, da wannan tafiyar za ka tsufa. Me ya hana ka riƙe ta a dama?"

"Gaisuwa ce," in ji Ubale, murya ƙasa-ƙasa. "Mutum ba ya ba na gaba da shi hagu."

"Wane na gaban ne ya fi ƙafarka?"

Ubale ya ƙura wa tayil ido. Alhaji Mamuda ya gyara hularsa, ya tambayi Madam wata nawa ya rage a ajiye sandar. A mota babu wanda ya ta da zancen.

Juma'ar da ta biyo baya, Ubale ya fito daga masallaci da sanda a dama, yana neman hanyar da zai bi ba a gan shi ba. Alhaji Mamuda na tsaye a ƙasan matakala. Da ya hango shi, sai ya ɗora hannu a ƙirji ya ce da ƙarfi, "Malam Ubale, ya ƙarfin jiki?"

Na kusa da shi suka ga abin da ya yi, su ma suka ɗora. Har Zakiru, wanda ya ɗora hannu biyu.

Ubale ya gane cewa an yi maganarsa a bayan idonsa. Ya amsa gaisuwar, kansa a sunkuye, ya ratsa tsakaninsu har bakin titi, kafaɗunsa a daidai.