Kyamarar da Ke Jikin Bishiyar Tuffa

Waɗanda wannan labari ya shafa ba su da yawa. Akwai Cyril Hembrow, tsohon mai rarraba wasiƙu, ɗan shekara tamanin da ɗaya, wanda ya zauna shi kaɗai a gida mai lamba goma sha huɗu a wani layi na birnin Bristol. Akwai Doreen Pascoe, maƙwabciyarsa ta lamba goma sha shida, wadda mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce. Akwai 'yarsa Gillian, da ke aure a Kanada. Sai kuma wata yanyawa mai tsagaggen kunne, wadda Cyril ke kira Uwargida. Ita ba mutum ba ce, amma in an cire ta labarin ba zai tsaya da ƙafarsa ba.

Ana fitowa da Cyril a kan kujerar marasa lafiya, an lulluɓe shi da jan bargo, sai ya sa ma'aikatan motar asibiti suka dakata. Doreen tana tsaye a ƙofarta, hannunta duk kumfar wanke-wanke.

"Misis Pascoe, ga makulli," in ji shi, yana jan numfashi da ƙyar. "Ƙwai biyu da 'yar gyaɗa, da almuru, a kan matakalar baya."

"Ni zan ciyar da ɓarauniyar da ta tone mini furanni?"

"Jego take yi. A ɗaga mata ƙafa har ta yaye."

"Kai dai je ka su duba ka, Mista Hembrow. Surutu ba ya ƙara numfashi."

Ta karɓi makullin. Motar ta tafi ba tare da jiniya ba, labulen gidajen layin suka koma yadda suke.

Shekara talatin da ɗaya shingen katako ɗaya ya raba lambunansu na bayan gida, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa kiran ɗan'uwansa da sunan yanka. Tun da matar Cyril ta rasu ya sayi kyamara, ya mayar da rayuwarsa ga yanyawar da ke shigowa lambu. Uwargida ta haƙa rami a ƙarƙashin shingen, ta nan take ratsawa zuwa wajen Doreen. Kowace safiya Doreen ta toshe ramin da bulo, kowace yamma Cyril ya zare shi ya ajiye a gefe. A kan bulon nan suke faɗa, kuma sau da yawa faɗan nan shi ne kaɗai maganar da kowannensu ke yi da mai rai a yinin.

Ban da kyamarar hannu, Cyril yana da wata ƙarama mai launin ɓawon itace, wadda ya ɗaure a jikin bishiyar tuffa can ƙarshen lambu. Ita ba ta bukatar mai riƙe ta. Da zarar wani abu ya motsa a gabanta sai ta ɗauki hoto, ta adana a wani ɗan kati da bai wuce farce ba. Ya saita ta tana kallon ramin shinge da ƙarƙashin ɗakin ajiyar kayan lambu, inda Uwargida ta haihu a watan Maris. Abin da yake jira shi ne ranar da 'ya'yan za su fara leƙo duniya.

To, mako uku kafin a ɗauke shi, ya kira Doreen bakin shinge ya miƙo mata wani hoto.

"Dubi dabbar da na kama jiya. Na duba littafina kaf, ban ga irinta ba."

Ita ce a hoton. Ta tsakanin katako kyamarar ta hango ta cikin rigar barci, gashi a hargitse, baki cike da abin maƙale shanya. Cyril ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Doreen ta mayar masa da hotonsa. Da ya shiga gida, ta ɗauko sandar tsintsiya, ta miƙa ta saman shinge, ta tunkuɗi kyamarar har ta juya wa ramin baya, ta fuskanci gidan mai ita.

Ta yi zaton washegari zai gani ya gyara, su yi faɗansu su huta. Amma a makon nan ne ƙirjinsa ya fara hana shi tafiya. Bai sake kaiwa ƙarshen lambu ba. Bulon ya zauna a ramin ba mai zare shi, ita kuma yanyawar ta koma hawan shinge. Shi ya sa ya dawo da abincinta kan matakala, inda yake zama da kofin shayi. Idonsa kuwa ba ya rarrabe gaba da bayan abin da ke jikin bishiya daga wannan nisa.

Ranar da ya kwana uku a asibiti, Doreen ta hau bas ta je duba shi. Ta same shi da robar iska a hanci, ya zama ɗan ƙarami a cikin gadon.

"Me likita ya ce?"

"Ya ce in daina shuka abin da sai baɗi zai yi fure." Ya ɗan yi murmushi. "Uwargida tana ci?"

"Kamar wadda aka gayyato biki. Ko na gode babu."

"Yau ashirin ga Afrilu. Sun isa fitowa. Misis Pascoe, akwai ɗan murfi a ƙasan kyamarar bishiya. Ki danna katin zai fito. Ki haɗo da kyamarar hannu, tana kan teburin cin abinci. Ina so in ga ko su nawa ne kafin..." Ya tsaya ya ja iska. "Kafin su yi wayo."

"Ka kira Gillian?"

"Tana neman jirgi. Kanada ba nan kusa ba ce."

A bas ɗin dawowa Doreen ta riƙe jakarta da hannu biyu. Ta san abin da ke cikin katin nan: bango da ƙofa. Ta yi tunanin ta ce ya faɗa cikin ciyawa ya ɓace. Ta yi tunanin ta juya kyamarar a ɓoye, ta jira kwana biyu, ta ce ƙafa ce ta hana ta zuwa. Amma ta ga kalar leɓensa, kuma ta taɓa jinyar miji. Ta san kwana biyu ba abin da za a yi wasa da shi ba ne. Ta shiga lambunsa, ta tsaya a gaban bishiyar ta daɗe, sannan ta danna katin ya faɗo tafin hannunta.

Washegari ta ajiye masa katin da kyamarar hannu a kan bargo. Sai da ya gwada sau uku kafin katin ya shiga kyamarar. Ya kawo kyamarar kusa da fuskarsa, ya danna, ya sake dannawa. Doreen tana kallon taga.

"Wannan ai ƙofata ce," ya ce.

"Ni na juya ta."

Ya ɗago ido.

"Da sandar tsintsiya. Ranar da ka nuna mini hoton nan. Na ɗauka za ka gyara." Muryarta ta fito a bushe, kamar mai karanta takardar kotu. "Babu 'ya'ya a ciki, Mista Hembrow. Na ɓata maka mako uku, kuma ba ni da inda zan samo maka su."

Ya ci gaba da dannawa, ita kuma ta fi son da ya zage ta. Can sai ta ji wani sauti daga maƙogwaronsa, ta zabura za ta kira nas, ashe dariya ce.

"Wane ne wannan tsohon? Dubi wandonsa. Ba wanda zai gaya masa ya taje kai?"

Ta matso. A ɗan gilashin, ga Cyril yana buɗe ƙofa. Ga shi ya zauna da kofi. Ga shi yana miƙa ƙwai, yanyawar ta miƙo wuya daga nesa. Hotuna ɗari da ɗoriya, kwana bayan kwana, riga ɗaya, matakala ɗaya, ba wanda ya taɓa fitowa daga ƙofar nan ban da shi. Sai suka iso wani da ya sa yatsansa ya tsaya. Barci ya ɗauke shi a zaune, kansa ya jingina da ƙyaure, hasken yamma a gefen fuskarsa. A matakala ta ƙasa, dab da takalminsa, Uwargida ta zauna ta naɗe jela a ƙafafunta. Ƙwan yana gefe, ba ta taɓa shi ba. Shi take kallo.

"Shekara biyar ina bin ta da kyamara," in ji shi a hankali, "ba ta taɓa yarda na matso haka ba. Ashe sai na rufe ido."

"Wataƙila dubawa take ko ka isa ci."

"Wataƙila." Ya share gefen idonsa da bayan hannu. "Akwai wani katin a aljihun jakar kyamarar nan. Ki sa shi a ta bishiya, ki mayar da ita yadda take. Kuma bulon nan, Doreen."

Ta ji sunan, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta gyara masa bargon da ba ya bukatar gyara.

"Gobe da bas ɗin farko zan zo. Ka taje kai kafin nan."

Da yamma ta sa sabon kati, ta juya kyamarar da hannunta, ta durƙusa a kan gwiwoyin da ba sa son durƙuso ta zare bulon. Ya yi kore a ƙasa saboda daɗewa.

Da sassafe, tana jiran ruwan shayi ya tafasa, ta leƙa ta tagar kicin. A tsakiyar furanninta, waɗanda ta shekara tana yaƙi a kansu, wasu 'yan dunƙule masu launin toka-toka suna kokawa. Ɗaya ya kama jelar ɗan'uwansa, ɗaya ya faɗa kan jan fure ya karya shi. Uwarsu tana kwance a bakin ramin, tsagaggen kunnen a miƙe. Doreen ta ƙirga da yatsa a jikin gilashi: huɗu. Butar ta yi ta kuka a bayanta ba ta waiwaya ba. Sai da suka koma ƙarƙashin ɗakin ajiya ta zagaya ta ciro katin, ta ƙulle shi a hankici.

A asibiti ta tarar an zagaye gadon da labule. Nas ta tare ta a hanya, ta kama gwiwar hannunta.

"Ke ce maƙwabciyar? Yanzu muke shirin kiran ki. Ya cika wajen ƙarfe shida saura. Bai sha wuya ba." Ta miƙo mata kyamarar hannu. "Tana kan ƙirjinsa. Batirin ya ƙare."

"Huɗu ne," in ji Doreen.

"Na'am?"

"Ba komai."

Ta zauna a kujerar da ke bakin ɗakin na ɗan lokaci, hankicin a dunƙule cikin hannunta, sannan ta tashi ta bi bas ta koma gida.

Gillian ta iso bayan kwana biyu. Ta yini a falon mahaifinta tana buɗe kwalaye, domin coci na son hoton da za a sa a takardar jana'iza. Da la'asar ta ƙwanƙwasa ƙofar Doreen, idanunta sun kumbura.

"Misis Pascoe, kwali goma sha ɗaya na buɗe. Yanyawa tana hamma, yanyawa tana soshe-soshe, yanyawa a kan kwandon shara. Hoton Baba na ƙarshe da na samu, ranar aurena ne. Shekara ashirin da biyu, ba wanda ya ɗauke shi?"

"Shigo ki sha shayi. Ki zo da abin cajin kyamarar nan."

Da hoton matakalar ya bayyana, Gillian ta rufe baki da tafin hannu. Ta daɗe tana kallo.

"Haka ya rame? A waya kullum cewa yake lafiya lau." Ta juyo wajen Doreen. "Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni ce. Da sandar tsintsiya."

Hoton nan aka sa a takardar. Mutum goma sha ɗaya suka halarci jana'izar, uku daga cikinsu tsofaffin abokan aikinsa na gidan waya. Ɗaya ya riƙe takardar nesa da idonsa, ya ce bai san Cyril yana da kare ba.

Kafin Gillian ta koma, ta kwance kyamarar daga bishiyar ta ba Doreen. Yanzu an kafa allon sayarwa a gaban lamba goma sha huɗu, tagoginsa ba labule. Kyamarar tana ɗaure a jikin sandar shanyar Doreen, tana kallon ramin daga wannan ɓangaren. Bulon yana nan kusa, a kwance. Da almuru Doreen takan fito ta ɗora ƙwai biyu a kansa, ta koma ta zauna a matakalarta da kofi, wani lokaci ta rufe ido.

Ni da na rubuta wannan, gidana yana tsallaken titi, kuma sai da furfura ta cika mini kai na koyi riƙe alƙalami. Inda na yi kuskure a suna, ko a rana, ko a jerin maganar, mai karatu ya gyara mini. Abu ɗaya ne na kasa tantancewa. Doreen ta ce huɗu ta ƙirga a safiyar nan. Hoton da ke cikin katin ya nuna uku ne, sai wata 'yar jela da ke shigewa ƙarƙashin shinge, zuwa wajen Cyril.