An Yi wa Wayar Umma Filashin

Ranar Laraba na dawo daga aiki na tarar da Yaya zaune a hannun kujera, yana juya wayar Umma yana murmushi.

"Injiniya, zo ki ga aikin waɗanda ba su je jami'a ba," in ji shi. "Sati biyu kina cewa za ki duba. Mai gyaran waya ko awa ɗaya bai yi ba."

Wayar tsohuwa ce, gilashinta ya tsage ta gefe. Kwanakin nan ta fara daskarewa, wani lokacin ta mutu da kanta, sai an cire batir an mayar. Na ce wa Umma kada ta ba kowa, zan zauna a kanta ranar Asabar. Asabar biyu suka wuce ban zauna ba.

Na karɓa na danna. Hoton jikar Umma da ke fuskar wayar babu shi, sai wasu duwatsu masu shuɗi.

"Me ya yi mata?"

"Filashin. Ya wanke ta tas, ta koma sabuwa. Har finafinai ya zuba wa Umma kyauta."

Baba direban babbar mota ne, shekara talatin yana kan hanya. Ba ya son rubutu a waya. Mu 'ya'yansa kira yake yi, Umma kuwa saƙon murya yake tura mata, don ya ce in ya kira ba ta barinsa ya gama magana. Saƙonnin sun fi ɗari biyu. Babu wani abin a zo a gani a cikinsu. Taya ta yi faci, ya tsaya shan mai, kada ta jira shi da abinci, wa ya ɗauke masa tocila. Shekara ɗaya da rabi ke nan da ya faɗi a garejin kamfani, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar ma ta tafi. Yana kwance a ɗakin ciki, yana ganinmu, yana gane mu, amma abin da ke fitowa daga bakinsa bai zama kalma ba. Tasa wayar tun ranar ba a sake ganinta ba.

Kullum in Umma ta canza masa zanin gado ta ba shi magani, sai ta shiga kicin ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa tana wanke-wanke. Ba ta taɓa gaya wa kowa abin da take saurare ba. Ni na sani saboda ina yawan tsayawa a bakin ƙofa. Yaya ba a gidan yake zaune ba, bai sani ba.

Umma ta fito daga ɗakin Baba tana goge hannu.

"Yauwa Auta, duba min. Mai gyaran ya canza wa saƙonnin Babanku wuri, na neme su ban gani ba."

Yaya ya dube ni. Murmushin ya ragu.

"Bari in duba, Umma," na ce. "Amma kada a taɓa ta, ko kira kada a yi da ita."

Abin da na koya shi ne, in an goge abu daga tsohuwar waya irin wannan ba nan take yake ɓacewa ba. Yana nan kwance sai an ɗora wani abu a kansa. Na share teburin ɗakina, na jona wayar da kwamfutata. Igiyar haɗin sai an lanƙwasa ta take kamawa, don haka na danne ta da ƙamus. Na sauke manhajar da ke tono abin da aka goge, na sa ta aiki. Layin kore mai nuna inda aikin ya kai yana tafiya kamar ba ya so. Awa uku ya yi.

Manhajar ta fito da abubuwa dubu da wani abu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Guntayen finafinai ne, wani yana gudu, wata tana kuka. Akwai hotuna biyar na da, kowanne rabinsa toka. Na sauke wata manhajar, ita ma abin da ta kawo ke nan. Ta uku ta ƙara min abu ɗaya, sauti na daƙiƙa huɗu. Na sa abin kunne. Ƙugin injin babbar mota ne, sai wani ya ja numfashi zai fara magana, sai ya yanke.

Washegari da rana na nemi izini a wurin aiki na je wurin mai gyaran. Teburinsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, cike da gawawwakin wayoyi, da buroshin haƙori, da kwalbar sifirit. Yana ganin wayar ya gane ta.

"Ta sake ne? Ba dai aikina ba."

"A'a, tana yi. Akwai saƙonnin murya ne a ciki."

"Ai Malama na tambayi maigidanki."

"Yayana ne."

"To Yayanki. Na ce akwai abu mai muhimmanci? Ya ce lambobi duk suna kan layi, wayar tsohuwa ce, ba komai sai gaishe-gaishe." Ya juya wajen maƙwabcinsa mai sayar da caja. "Ko ba a gabanka aka yi ba?"

"A gabana," in ji mai caja, bai ɗago ba.

"Ba a iya gyara ta sai an wanke?" na tambaya.

"Ana iyawa, in mutum zai bar min ita kwana biyu. Wa ke da haƙurin nan? Kowa yanzu-yanzu yake so." Ya karɓi wayar ya shiga ciki yana dubawa, sai ya yi tsaki a hankali. "Kin ga, da ban zuba komai ba da sai a sa rai. To cika ta na yi. Na ce dattijuwa ce, ta samu abin kallo. Ba kowa nake yi wa haka ba."

Ya miƙo min. Na shirya maganganu da yawa a hanya, babu wadda ta fito. Har godiya na yi masa.

Yaya ya kwana biyu yana kiran dangi, ko akwai mai saƙon muryar Baba. Gwaggo ta ce ita kiranta Baba yake yi. Abokan aikin Baba biyu sun canza waya. Wani ya turo bidiyon taron direbobi, Baba yana can baya yana gyara hula, bakinsa a rufe. Yaya ya daina ce min Injiniya. In ya zo sai ya leƙa ɗakina ya ga layin kore, ya juya. Na bar manhajar tana ta maimaitawa, sau biyar, ba don ina tsammanin wani abu ba. Muddin tana tafiya ba sai na yi magana ba.

Ranar Asabar da hantsi Umma ta shigo ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta saba ba.

"Babu ko?"

"Babu, Umma. An ɗora wasu abubuwa a kansu." Na rufe manhajar. "Da na kwafe su tun ranar da kika ce min tana daskarewa, minti biyar ne."

Na ce akwai wani ɗan guntu, na sa mata abin kunne. Ta saurara, ta ce in sake. Na sake. Ta cire ta ajiye a kan ƙamus.

"Wannan ai kowa ma zai iya zama."

Ta gyara zama a bakin gadon.

"Jiya ina wanke-wanke na ce bari in tuna yadda yake dariya," ta ce. "Ta Yayanki nake ta ji. Na san ba haka take ba, tasa ta fi kauri. Amma ta Yayanki ke zuwa."

Daga ɗakin ciki muka ji Baba yana buga cokali a ƙarfen gado, haka yake kira. Umma ta miƙe ta gyara ɗankwali.

"Cire ta daga jikin na'urar nan. Ki sa min ƙararrawar maganinsa na ƙarfe biyu, ita ma ta tafi. Shekaranjiya sai uku saura na tuna."

Na zare igiyar, na saita ƙarfe biyu, na bi ta da wayar.