Wasiƙar Baba Direba

"Rubuta, Malama. Ki ce na zalunce ta, ta yafe mini."

Malama ta rubuta. Dawowarta ke nan daga makaranta, ko jaka ba ta ajiye ba, ta ji maƙwabcinta, tsohon direban nan, yana buga bango da sanda. Ta tarar da shi kwance, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan ƙofa mai tsatsa. Ta kira motar asibiti, aka ce tana hanya. Shi kuwa ba ta motar yake ba. Wasiƙa yake so a rubuta wa 'yarsa, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta ɗaga wayarsa ba.

To, mai hali ba ya fasa halinsa. Shekara ashirin Malama tana koya wa yara cewa magana ba misali ba ta kama zuciya.

"Baba, wannan ai kowa zai iya faɗa. Ba za ta yarda ba. Kawo misali."

"Ku malamai, ko a bakin kabari sai kun ba mutum maki," in ji shi. Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi har idanunsa suka firfito. Malama ta yi da-na-sanin buɗe bakinta.

"Madubin mota," ya ce da ƙyar. "Na mare ta gaban ƙawayenta, na ce ita ta fasa. Ni na fasa shi, na kuma sani."

"Sai me?"

"Ranar da uwarta za ta rasu, yarinyar ta yi ta kirana. Na ce mota ce ta lalace a hanya. Lafiyar motar ƙalau. Tsoro na ji, na faka a gefen titi har aka gama komai."

Malama ta sa "bayan haka" tsakanin maganganun biyu, ta leƙa taga. Titi fayau, sai wata akuya. Leɓunan tsohon sun fara bushewa, yatsun ƙafarsa sun yi sanyi. Ba ta taɓa ganin fitar rai ba, ga shi ita kaɗai ce a ɗakin.

"Baba, ya isa haka. Huta."

"A'a. In na tsaya nan, za ta ce laifi kawai na lissafa. Yaya kuke cewa in za ku juya magana?"

"Duk da haka."

"Yauwa. Rubuta. Duk da haka…"

Ta rubuta, ta ɗago biro tana jira. Agogon bango ya yi ta tafiya. Sandar ta zame daga hannunsa ta faɗi ƙasa.

Washegari 'yar ta iso, an riga an kai shi makwancinsa. Malama ta yi ta juya takardar kafin ta miƙa. Ta san kalmomi ɗari da za su cike gurbin, kuma ba wanda zai gane. Amma ba ta iya ba.

'Yar ta karanta a tsaye, ta sake karantawa.

"Duk da haka me, Anti?"

"Wallahi ban sani ba. A nan ya tsaya."

'Yar ta zauna a bakin katifar, inda jikinsa ya lotsa. Ta shimfiɗa takardar a cinya, tana shafa farin wurin da babban yatsanta.